Wanda Ya Hana Kwamfutata Farkawa

Na girgiza maus, na daddanna kibod, allon kwamfuta baƙi ƙirin. Fitilarta na ƙiftawa, alamar barci take, amma ta ƙi tashi.

Ga wata baiwar Allah daga Gwaram zaune a shagona na Birnin Kudu, tana jiran takardar neman aiki da a ranar za a rufe karɓa. Ban yi sebin ba, wato ban adana aikin ba, na fita karɓo takardar firinta. In na kashe na kunna, aikin ya tafi.

Zuciyata ta tafi kan mai gyaran da ya buɗe kwamfutar kwanaki, na ce lallai kaya ya musanya min. Har maƙwabcina mai irin sana'ata sai da na harara.

Da na leƙa bayan kwamfutar, sai ga igiyar maus da ta kibod a ƙasa. Waya da tocila sun maye gurbinsu.

Surukina, da ya zo daga Kwandiko na bar masa tsaron shago, ya yi gyaran murya.

"Nawa ne. Na ga tana barci, na ce kada wutar ta tafi a banza."

"Baba, waɗannan igiyoyin fa?"

"Ba abin da suke yi. Na duba."

Na mayar da maus kaɗai, ta farka. Tocilar ce na iya cirewa, wayar ko sai da ta cika.

Yanzu ya ce gobe zai sake taya ni tsaro. Jama'a, da wane baki ake hana suruki caji?