Ranar da Aka Kira Mini Kawu Saboda Yoga

Shekarun baya can, lokacin ina tela a Bukan Sidi, ciwon baya ya sa ni a gaba. In na wuni a kan keke, tashi sai na dafa bango kamar tsoho, alhali ko aure ban yi ba.

Akwai wani Ba'indiye da ke koyarwa a sakandare, ni nake rage masa wanduna. Da ya ga yadda nake yamutsa fuska, ya nuna mini wasu miƙe-miƙe, ya ce sunansu yoga. A ɗaga hannuwa sama, a sunkuya a hankali, a durƙusa a kai goshi ƙasa, ana jan numfashi ana saki. Ya ce da sassafe ya fi amfani.

Ni kuma sarkin wayo, na ɗauko tabarmar sallata na shimfiɗa a tsakar gida, na fuskanci gabas don can ne babu igiyar shanya. Rana na ɓullowa ina sunkuyawa. Bayana ya fara saki, ina ta murna, ban ko lura mahaifiyata ta daina taɓa abincin da nake sayowa ba.

Wata safiya goshina na ƙasa na ji muryar kawuna, wanda ta aika ya taso takanas daga Adogi.

"Tashi! Wane irin salla ne wannan, ba kabbara ba sallama, rana yana fitowa?"

Mahaifiyata na bayansa, idanunta jawur. Ta ce, "Faɗa mana gaskiya. Ka bar addini ne? Rana kake bauta wa?"

Sai a lokacin na ga abin da take gani. Na ce, "Wallahi Inna, a masallaci na yi asuba, ku tambayi liman. Wannan maganin baya ne." Na sunkuya na kama yatsun ƙafata. Ita da ke gasa mini bayan da ruwan zafi ta san rabon da in iya haka.

Kawu ya ce, "Ba karatu a ciki?"

"Ko ɗaya, Kawu. Numfashi ne kawai."

Inna ta zauna a kan turmi, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sai hawaye. Ta ce, "Ni ina nan ba barci, ina tunanin me zan faɗa wa babanka in na same shi a lahira." Ta share ido, ta ɗaure fuska. "Naɗe tabarman nan. Nemi buhu, kuma ka juya wajen kicin."

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Har yau ina miƙe-miƙena, bayana lafiya lau, kuma na koyi yi wa mutanen gida bayani kafin in fara kowane sabon abu. Na ja numfashi iri-iri a yoga, amma babu wanda ya sanyaya mini rai kamar wanda ta sauke a kan turmin nan.