Kawu Ɗanjuma da Matakala Bakwai

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma, mahaucin nan na Jambutu, ya san abu ɗaya: ba a ɗaukarsa. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana yaro, amma ka kuskura ka tura keken guragunsa da sunan neman lada, sai ka ji bayan wuƙa a yatsunka. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sha ta fiye da kowa. "Abin da ƙarti huɗu ke ɗauka nama ne," in ji shi, "ni kuwa ba a yanka ni ba tukuna!"

Da gwaiwa ta matsa masa, ni na raka shi asibiti a nan Garwa. Ɗakin tiyata kuwa yana saman matakala bakwai. Wani ma'aikaci ya naɗe hannun riga ya ce, "Papa, pa de problem, ba matsala, yanzu za mu sungume ka."

Kawu ya dubi matakalar, ya dube shi. "Wanda ya zana ginin nan, a tunaninsa masu gudu ne ke zuwa a yi musu aiki?"

Likita ya ce in hanji ya murɗe, mutuwa ce. Tsoro ya kama ni, na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah, maganar rai ake yi fa."

Ya ce, "To wannan rai da kansa zai hau."

Shugaban asibitin ya ce sun rubuta wa manya a Yawunde takarda kan gyaran hanyar, a yi haƙuri. Kawu ya ce, "Yallaɓai, gwaiwata ba ta iya karatu ba, balle ta jira amsa."

Kai! Washegari sai ga mahauta abokan sana'arsa da simintin garin Figil a baron da suke dakon nama. Kwana uku suka zuba gangare gefen matakalar. Shugaban da ke jiran Yawunde shi ya fara zuwa ɗaukar hoto a kai! Kawu ya murza kekensa, gumi na zuba, ba wanda ya isa ya taɓa. Da ya kai sama ya juyo ya ce musu, "Ya yi tsaye da yawa. Ku koma kan fiɗa."

Bayan tiyata ya ɗaga riga ya ƙare wa ɗinkin kallo. "Dokta, wa ya koya maka yanka? A rumfata ko tumbi ba zan ba ka ka wanke ba." Da ya warke kuma ya aika masa cinyar rago.

Bara ya rasu. Mu huɗu muka ɗauki makarar, ina gaba, har bakin kabari ina jiran bayan wuƙa a yatsuna. Wallahi da na ji ta da na yi murna. Gangaren nan yana nan, guragu da tsofaffi suna hawa ba su san sunansa ba.

Ka yafe mana wannan ɗaukar, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka shiga Aljanna da ƙafafunka. Amin.