Raƙuma a Rabin Ekran

A rumfar mai gyaran ordinater, wato kwamfuta, bakin kasuwar Agadez, wani dattijo yana tsugune. Rawaninsa ya koɗe, tafin hannunsa duk kanta, irin ta mai jan guga. Ya kwance tsohuwar ordinater daga cikin zane a hankali, kamar mai fito da jinjiri.

An kunna. Rabin ekran na sama, wato fuskar na'urar, baƙi ƙirin, a ƙasa sai hoton ƙafafuwan raƙuma birjik.

"Baba, ekran ne ya gaji," in ji mai gyara. "Sabo sai daga Kwatano, ga iyaka a rufe tun hawan soja. Amma danna nan."

Dattijon ya danna kusurwar ekran ɗin da babban yatsa. Sai ga wuyoyi, ga tozaye, ga ciyawa shar. Amawalinsa yana motsi, ina jin sunayensu yake kira. Wataƙila wani Bature da ya taɓa yi wa jagora ne ya bar masa na'urar. Fari kuwa, ga alama, bai bar masa ko raƙumi ɗaya ba.

"Sai a saki, Baba, mutane na jira," in ji mai gyara.

"In na saki za su tafi?"

"Za su tafi."

Bai saki ba.