Umarnin Dole a Foldar Litiana

Litiana ta daɗe tana kula da kwamfutocin wani ƙaramin gidan rediyo a Lautoka. Mace ce mai saurin hawa, kuma takan ce a duk ofishin nan manhajar gyaran ƙarshen layi ce kaɗai mai kunya. In an kwaso rubutu daga wata kwamfuta zuwa wata, manhajar ke tsince alamar da ta yi yawa a ƙarshen kowane layi. Amma ba ta taɓa fayil sai ta leƙa cikinsa. In ta ci karo da wata ɓoyayyar alamar da rubutu ba ya ɗauka, ta san hoto ne ko sauti, sai ta wuce abinta.

Peniasi, ɗan kawunta da ke aiki tare da ita, bai san wannan kunyar ba. Ran nan manhajar ta tsallake masa wani rubutu. Maimakon ya tambayi dalili, sai ya ba ta umarnin dole a kan foldar Litiana gaba ɗaya, ta bi kowane fayil ta tsince shi kamar rubutu. A ciki akwai waƙoƙin kamun kifi da mahaifiyar Litiana ta rera kafin ta rasu. Kaset ɗin asali kuwa tuni ruwan guguwa ya cinye shi.

Litiana ta kunna. Muryar tsohuwar ta tashi kaɗan, sai shuu, kamar ruwan sama a kwano.

"Tavale, uban wa ya ce ka tilasta mata?" ta ce wa Peniasi.

"Gardama ta yi min, irin taki," ya ce yana washe baki.

"Na'ura ta ce a'a, kai mai kan busasshiyar kwakwa ka ce sai an yi."

Ofis ya kwashe da dariya. Tavale a yarensu ai taubashi ne, zaginsa wasa. Ita da baƙin ciki take faɗa, su kuma suna cewa ta ƙara masa.

Sai da Peniasi ya ji sautin da kunnensa ya gane ɓarnar da ya yi. Ran Asabar ya zo gida da saiwar yaqona, wadda ake jiƙawa a sha a ƙoƙo wajen sulhu, dattawa na biye, neman gafara. Wanda ya zo da wannan ba a mayar da shi, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta tafa bisa al'ada, ta karɓi ƙoƙon, ta shanye. Aka ce magana ta wuce, kowa ya tafi zuciya fes.

Da gida ya yi shiru ta gwada rera waƙar. Baitin farko ya zo. Ta nemi na biyu ta rasa.