Tagwayen Kawu Hassan da Ƙanensu Gambo

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Birni ya san Kawu Hassan, yayan mahaifiyata, ba ya karyawa sai ya gaida motarsa. Daga masallaci zai wuce rumfa, ya ɗaga murfin inji ya ce, "Tagwaye, kun tashi lafiya?"

Jar mota ce 'yar Japan mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Turbo biyu gare ta, abin nan da ke hura wa inji iska. Na farko da an taka yake farkawa, na biyu sai gudu ya yi gudu. Kawu ya raɗa musu Hassan da Husaini. Shi kansa ɗan tagwaye ne, kuma kowace Juma'a wannan mota ke kai shi Droum, inda kabarin Husaininsa yake.

Ran nan tiyon Hassan ya fashe, Ilu makanike ya sa sabo. Kawu ya ce a sauya na Husaini ma.

"Baba, wannan ai lafiyarsa ƙalau!"

"Kai, Ilu! Ka taɓa ganin an ɗinka wa Hassan riga an bar Husaini? So kake su turo mini kunama?"

Ana nan sai Husaini ya fara hayaƙi, ya mutu murus. Aka nemi irinsa har Maraɗi da Kano, babu. Ilu ya ce a cire duka biyun, a sa babba guda ɗaya. Kawu ya aiko in zo da tawada da alƙalami, wai boko ba ya riƙe amana, da ajami za a rubuta shawarar. Na raba takarda biyu, Ilu yana faɗa ina rubutawa. Ɓangaren alheri: tiyo zai ragu, zafi zai ragu, gyara zai yi sauƙi, ƙarfi kuwa a dogon gudu sai wanda ya gani. Ɓangaren sharri: babban yana da nauyin tashi, cikin gari sai an yi haƙuri da shi.

Na ce, "Kawu, alherin ya rinjaya."

Ya ce, "Malam ƙarami, ƙara a ɗaya ɓangaren: raba zumunci."

Juma'a uku mota na kwance. Ta huɗu ya shiga motar haya, aka ɗora masa akuyar wata tsohuwa a cinya, ta cinye masa gefen rawani kafin Droum. Da ya dawo bai ko cire takalmi ba ya ce, "Ku kira Ilu."

Da aka gama aiki ya leƙa sabon turbon, ƙato kamar tukunyar biki. Ya ce, "Wanda ya biyo tagwaye ai Gambo ne." Shi ke nan, suna ya zauna.

Muka fita gwaji a gudron Takieta, titin nan na kwalta. Muka tarar da amalanken jaki, Kawu ya zo daidai da shi ya taka. Shiru! Jaki na tafiya, muna tafiya. Mai amalanke ya duƙo ya ce, "Alhaji, ko in ja ku?"

Bai rufe baki ba Gambo ya farka. La ilaha illallahu! Hulata ta koma baya, bishiyoyi suka zama katanga, ban san sa'ad da na fara kalmar shahada ba. Sai a gonar geron wani bawan Allah muka tsaya. Kawu ya gyara rawani a hankali ya ce, "Yaron nan ba ya tashi sai ya yi alwala. In ya tayar kuma, ba ya sallamewa."

Duk da haka, shekara huɗu Gambo bai sa ya rasa Juma'a ko ɗaya ba. Kawu dai bai taɓa yabonsa ba. Abin da yakan ce kawai, "Ba laifi, ƙane ne."

Ran da Kawu ya rasu, kafin jana'iza, muka buɗe akwatinsa. Ga tsofaffin turbo biyun, mai rai da matacce, a naɗe cikin farin ƙyalle ɗaya. Ga kuma takardar nan tawa, a ƙasanta ya ƙara layi da hannunsa: "Kada a raba su."

Mun gane. Droum muka kai shi, muka binne shi kusa da ɗan'uwansa.

Allah Ya jiƙan Hassan da Husaini, Ya haskaka makwancinsu, Ya tashe su tare. Amin.