Rubutun Baba a Ƙofar Akori-Kura

Shekarun baya, lokacin da na dawo daga Kano da injin goge fentin mota a cikin buhu, babu wanda ya ɗauke ni mai sana'a a gidanmu. In aka tambayi yayana abin da na koyo a birni, sai ya ce, "Wankin mota ne, amma da lantarki." Na kafa 'yar rumfa a bakin titi a Rano, wasu ranakun kuwa ba abin da nake gogewa sai gumin goshina.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata tsohuwar akori-kura koriya a ƙauyenmu na Zurgu. Da ita yake kai dawa da albasa kasuwa. Tun da ya rasu take ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gida, duk da inuwar, rana ta gasa ta har koren ya koma fari-fari, in ka shafa jikinta sai ta bar maka gari a tafin hannu. A ƙofar direba akwai rubutu da farin fenti: A DAWO LAFIYA. Baba bai yi boko yana yaro ba, da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannunsa ya rubuta wannan. Baƙaƙen a karkace suke, wani ya fi wani tsawo. Maganar da mahaifiyata take yi masa ce kullum in zai fita.

Wata shekara gab da kaka, yayana ya kawo makaniki aka tayar da injin, don ya riƙa ɗaukar amfanin gona zuwa Kibiya. Daga nan ya ce zai kira mai fenti a kankare ta, a fesa mata sabo. Mahaifiyata ta jiyo mu daga cikin gida, ta leƙo zaure.

"Rubutun fa?" in ji ta.

Yayana ya ce, "Inna, ai sai a sa mai zane ya sake shi, har ma ya fi wannan kyau."

Ta ce, "Na san zai fi kyau. Amma ba hannun Malam ba ne."

Ta juya ta koma ciki. Ita ba ta karanta boko, amma ta san siffar rubutun nan kamar yadda ta san fuskokinmu. Sai kawai na ji bakina yana cewa koren yana nan a ƙarƙashin garin, zan iya fito da shi ba tare da an fesa komai ba. Yayana ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "To, mai lantarki, bismillah. In ta fito, mai fenti ya huta. In kuwa ka cinye rubutun, da bakinka za ka shiga ka faɗa wa Inna."

Washegari da safe na ɗauro ƙaramin janareta a bayan mashin, na zo da injin da man gogewa da soso iri biyu. Shi soson a fuskar injin ake manna shi, yana juyawa yana cin saman fenti kaɗan-kaɗan har mai sheƙin ya fito. Ɗaya mai kauri ne, in ka danna sai yatsa ya nutse. Ɗayan siriri ne, bai fi kaurin ƙaramin yatsa ba. Yayana ya ɗauki mai kaurin ya matsa, ya gyaɗa kai, ya ce da wannan zan yi wajen rubutun. Shi a ganinsa lissafin katifa ne, wadda ta fi kauri ita ta fi tausayin haƙarƙari. Ya ɗaga siririn da yatsu biyu ya ce, "Wannan ai ƙarfen injin ne zai riƙa gugar motar."

Gaskiya ni ma zuciyata ta ɗan karkata, don maganar tasa tana da daɗin ji. Amma hannuna ya san wani abu daban. Na ce masa, "Yaya, zo ka gani." A jikin ƙyauren langa-langa na ɗakin ajiyar Baba akwai wasu layukan farin fenti, inda ya riƙa share buroshi ranar da ya yi rubutun. Fenti ɗaya ne, shekaru ɗaya. Na sa mai kaurin na matsa kusa da layi ɗaya. Da na ɗan danna, sai soson ya baje, gefensa ya fantsamo waje ya lashe rabin layin tun ban kai inda na nufa ba. Na sauya na sa siririn, na bi gefen wani layin. Inda na ajiye bakinsa nan ya tsaya, kuma duk wani tudu da kwari na langa-langar ina jin sa a tafin hannuna. Yayana ya daɗe yana kallon rabin layin da ya ɓace. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "To, ka dai yi a hankali."

Na fara da bonet da ƙofar fasinja, don hannuna ya saba da fentin. Koren ya riƙa fitowa, soson ya rine da shi. A nan na ƙara jin tsoro, domin ko ban cinye baƙaƙen ba, soso mai kore in ya taɓa farin zai ɓata shi. Na so in rufe su da salatif, amma da na gwada a gefen ƙyauren nan, sai ya ɓamɓaro tsohon fentin. Ba abin da ya rage sai ido da hannu. Wajen lanƙwasar madigadi, wato ƙarfen saman taya, kuwa mai kaurin na mayar, don shi ke bin lanƙwasa ba ya ƙona fentin gefe. Yayana ya yi murmushi ya ce, "Ashe dai katifar tawa tana da rana."

Da na zo ƙofar direba, maƙwabta sun taru a inuwa, kowa da shawararsa. Na wanke siririn, na rage gudun injin, na durƙusa. Na riƙa zagaye baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ina barin ɗan tsakani. Ina gab da harafin ƙarshe janareta ya yi wani irin kuka, wuta ta ƙaru, injin ya zabura. Kafin kunnena ya gane abin da ya faru, tafin hannuna ya riga ya ji, na ɗauke shi sama. Na duba, ƙafar harafin tana nan ba abin da ya same ta. Da mai kaurin ne, da ya shanye zaburar a cikinsa, da ban sani ba sai bayan ya yi ɓarna. Na zauna a ƙasa na ɗan lokaci, ina yi kamar ina duba wayar injin.

Tsakanin baƙaƙen kuwa ban yarda da inji ba. Tsumma na naɗa a yatsa, na riƙa dangwalo mai ina bi a hankali har la'asar.

Ban shiga na kira mahaifiyata ba, yayana ne ya shiga da kansa. Ta fito da mayafinta, ta tsaya nesa tana kallon motar, korenta shar kamar ranar da Baba ya kawo ta. Sannan ta matso, ta sa yatsa ta bi rubutun daga farko har ƙarshe, tana bin duk karkacewarsa. Ta ce, "Auta, ashe abin da ka je koyowa ke nan." Wallahi ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba, har yau kuma ban ji kunyar faɗar hakan ba.

Tun daga lokacin na goge motocin da ban san adadinsu ba, har da na manyan mutane, kuma in wani ya tambaye ni wane soso ya fi, nakan ce ya nuna mini wurin da yake tsoron ɓatawa tukuna. Yayana ya daina cewa wankin mota, yanzu "injiniyan gidanmu" yake cewa, kodayake na san rabinsa tsokana ce.

Ranar da aka yi lodin farko zuwa Kibiya, ni ma na shiga gaba don in raka shi. Yayana ya tayar da mota ke nan, sai ga mahaifiyata a bakin zaure, inda take tsayawa a da. Tun rasuwar Baba ba mu ƙara jin maganar nan a bakinta ba. Ta dubi ƙofar direba, ta dube mu, ta ce, "A dawo lafiya."