Ranar da Sunayen Magunguna Suka Koma Lambobi

Mai ba da magani ce ta leƙo ɗakinmu na kwamfuta ta ce, "Ɗan digiri, wane magani ne sunansa uku?"

Na buɗe fayil ɗin majinyacin da take nufi. A gurbin maganin da jikinsa ba ya so, babu suna, sai lamba 3. Na buɗe na wani, 7. Da safen nan na tura sunayen cikin rumbun bayanan asibitin daga R, manhajar da muke lissafi da ita.

Shugabata, Anti Lissafi, ta ajiye kofin shayinta. Malamar makaranta ce a da. Bayan rasuwar mijinta ta koyi R a tsohuwar kwamfutar ɗanta, wadda maɓallinta ɗaya ya ɓalle, sai da murfin biro take danna wurin. Har yau tana yawo da murfin a jaka. Ba ta ɗaga murya, amma ban taɓa ganin ta tashi ta bar aiki rabi ba.

Ta gyara gilashinta ta duba. "R ta ɗauki sunayen a matsayin rukuni, ta raba musu lamba, lambar ta tura. Ni ma na duba aikin jiya ban lura ba. Kwantar da hankalinka, ɗana, ba kai za a yi wa allura ba."

Mai ba da magani ba ta yi dariya ba. Ta ce wani direban babbar mota ya riga ya karɓi magani ya tafi. Ta ga uku a fayil ɗinsa, ta zaci lambar layi ce. Muka duba asalin bayanan. Ukun nan da jikinsa ba ya so, shi ne maganin da aka ba shi.

"Kira shi," in ji Anti. Na kira, waya a kashe.

"Ci gaba da kira. Hannu ɗaya waya, ɗaya aiki."

Ta sa aka tsayar da ba da magani. Na mayar da sunayen rubutu zalla, na tura wa fayil ɗaya tak, muka buɗe muka karanta da idonmu, sannan ta yarda na tura sauran. Mutane suna ta mita a baranda, ko waiwaye ba ta yi ba.

Da muka gama ta ɗauki jakarta ta nufi tashar manyan motoci da kanta. Ta tarar ya yi lodi ya kama hanya. Ta bi direbobi tana tambaya har ta samu lambar ƙaninsa da ke tafiya tare da shi. Ita ma ba ta shiga, sai ta tura saƙo: kada ya sha.

Yanzu ta dawo, ƙafafunta duk ƙura, wayar tana kan tebur a tsakaninmu. Saƙon ya nuna ya isa. Ba mu san ko ya sha maganin ba, kuma har yanzu ƙanin bai amsa ba.